Fatalwar wa ke da izinin dawowa? Muhawara kan labaran tsoro na zamanin mulkin mallaka

Habu Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan wani labari yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi gabanku. Rudyard Kipling ne ya rubuta shi, Baturen Ingila da aka haifa a Bombay ta Indiya a 1865. Sunansa The Phantom Rickshaw, ya fara fitowa a Lahor a ƙarshen 1885, lokacin marubucin yana ɗan jarida, bai gama cika shekara 20 ba.

Wani Bature mai suna Pansay ya yi soyayya da matar aure, ya gaji da ita ya yasar, ya koma neman wata budurwa. Baƙin ciki ya kashe matar. Bayan an binne ta sai ya riƙa ganinta a titunan Simla, garin kan tsauni da gwamnatin Turawa ke ƙaura can idan zafi ya tsananta. Tana zaune cikin kekenta irin wanda mutane ke ja, tana kiransa, tana roƙonsa su shirya. Haka ta yi ta binsa har ya rasa budurwar, ya rasa lafiya, ya rasa ransa.

Ni ba matar ce ta tsaya mini a rai ba. Mutum huɗu ne ke jan keken nan, su ma matattu ne. Labarin ya ce 'yan'uwan juna ne, kwalara ta kashe su a hanyar Hardwar. Ba suna, ba kalma ko guda daga bakinsu. Sun mutu amma ba su sauke kaya ba, suna nan cikin kayan aiki suna jan uwargijiyarsu. Kuma da Pansay ya so ƙaryata idonsa, hujjar da ya ba kansa ita ce ana iya ganin fatalwar mutane maza da mata, amma ba ta leburori da keke ba.

Na sha jin ana cewa labaran fatalwa na Turawan mulkin mallaka zuciyarsu ce ke tuhumarsu kan abin da suka yi wa mutane. Ni ban yarda ba. Wanda zuciyarsa ke tuhumarsa ba zai sa mamaci jan keke ba. Me kuka gani?

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam. Malam Habu ka ta da mini tsigar jiki tun da safe. A mutu kuma a ci gaba da bauta? Allah ya kiyaye.

Dakta Lawal:
Wa alaikumus salam. Habu, ka kama jijiya, amma ka yi hanzarin yanke hukunci. Bari in ɗan koma baya domin waɗanda ba fanninsu ba ne.

Wannan salo da ake kira gotik, wato labarin tsoho gida mai duhu, da sirrin da aka binne, da mamacin da ya ƙi kwanciya, ana ƙirga farkonsa daga littafin Horace Walpole na 1764. Tun daga tushe kuɗin mallaka na cikinsa. William Beckford, wanda littafinsa Vathek ya fito a 1786, dukiyar gidansu daga gonakin rake na Jamaika ta fito, inda bayi ke noma. Matthew Lewis, wanda ya yi suna da The Monk a 1796, shi ma ya gaji gonaki da bayi a Jamaika, a jirgin ruwa ma ya mutu a 1818 yana dawowa daga can. A Jane Eyre na 1847, matar da aka kulle a saman bene ana cewa mahaukaciya ce, daga Jamaika aka auro ta, da dukiyarta. Ka ga tun kafin Kipling, abin da ke kuka a cikin ɗakin da aka kulle daga ƙasashen mallaka ya zo.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 abin ya zama kasuwa. A Ingila al'ada ce a karanta labarin fatalwa lokacin Kirsimeti, mujallu na fitar da bugu na musamman. Labarin da ka kawo ma a irin wannan bugu ya fara fitowa. A 1888 kamfanin A. H. Wheeler ya sake buga shi cikin jerin ƙananan littattafan da ake sayarwa rupi ɗaya a tashoshin jirgin ƙasa na Indiya. Mai saye shi ne Baturen da zai yi kwana biyu a jirgi. Wani masani Ba'amurke, Patrick Brantlinger, a littafinsa na 1988, shi ya raɗa wa wannan reshe suna gotik ɗin daula.

Inda na saɓa da kai: ba dole ne marubuci ya yi niyyar tuba ba kafin laifin ya ɓullo a rubutunsa. Yaron nan ya rubuta mutum huɗu matattu suna jan keke. Ko ya sani ko bai sani ba, ya zana hoton mulkin da yake ciki. Kai ma ai daga hannunsa ka gani.

Habu Tudun Wada:
Allah ya ƙara ilimi Dakta. Amma ranka ya daɗe, ni na gani, bayan shekara ɗari da wani abu, da idon jikan wanda aka mulka. Baturen da ya saya a tashar Allahabad bai gani ba. Shi tausayin matar ya ji, ya ji tsoro don Pansay, ya rufe littafi ya kira yaronsa ya kawo masa shayi.

Zainab A.:
Ina bayan Yaya Habu a nan. A lissafa mana. Yunwar 1876 zuwa 1878 ta kashe miliyoyin mutane a kudanci da yammacin Indiya, ana kan fitar da hatsi zuwa waje. Kipling ya koma Indiya aiki a 1882, shekara huɗu kacal bayan haka. In fatalwa na tashi ne saboda zalunci, da ba za a samu wurin taka ƙafa a ƙasar ba. Amma duba sanannun labaran: matar da aka yaudara, hafsan da ya faɗo daga doki, injiniyan da zafi ya haukata. Nasu ne ke dawowa.

Dakta Lawal:
Zainab, gaskiya ne mafi yawa nasu ne, kuma akwai dalili. Mutanen nan mutuwa suke yi ƙwarai a can. Je ki duba hotunan maƙabartar South Park Street ta Kalkata, wadda aka buɗe a 1767, ki karanta shekarun da ke jikin duwatsun: matasa ne da jarirai birjik. Kwalara, zazzaɓi, atuni. Mutum ya ci abincin dare da abokinsa, kafin wani daren an binne shi, don zafi ba ya barin gawa ta jira. Sannan kowane gida na haya ne, an canja wa wani wurin aiki ka shiga, ba ka san wa ya mutu a gadon da kake kwance ba. Tsoronsu na gaske ne. Ba na wanke su, amma kada mu ce duk farfaganda ce.

Zainab A.:
Ban ce tsoron ƙarya ne ba Dakta. Cewa na yi tsoron kansu suke ji wa. Matan cikinsu ma sun fi fito da shi fili. B. M. Croker, 'yar Ailan da ta zauna Indiya da mijinta soja, tana da labari a 1893 kan wani gida mai arhar haya a kan tsauni, wanda idan damina ta sauka ake jin faɗuwar mahayi da dokinsa daga baranda. Tana da wani kuma kan mata biyu da suka kwana a masaukin matafiya suka ga ana maimaita kisan wani Bature da baransa ya yi. Alice Perrin, a tarin labaranta na 1901, tana da na mai reno da kukan ɗan uwargijiyarta ke bi saboda ita ta halaka shi. Ku lura da abin da ke maimaituwa: kuku, mai reno, bara. Wanda ke dafa maka abinci, wadda ke goya ɗanka. Tun boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857, da kisan Turawan da aka yi a garin Kanfur, Baturen Indiya bai ƙara barci da ido biyu rufe ba. Fatalwar suna ce kawai. Bara suke tsoro.

Baba Alhaji Mai Ritaya:
'Ya'yana sannunku da ƙoƙari. Wannan masaukin matafiya da Zainabu ta faɗa, su can dak bangalo suke ce masa. Mu nan shi ne bariki. Kafin kalmar ta lalace ta koma ma'anar da kuka sani yau, bariki gidan da aka gina wa Bature ne a bayan gari, in ya fito rangadi ya sauka. Na tarar da irinsu da ƙuruciyata, rufin ciyawa, ba kowa sai mai gadi. Da dare ba mai bi ta wajen. To ka ɗauki saurayi ɗan shekara 24, ka ajiye shi shi kaɗai a irin wannan gida, ba ya jin harshen mutane, fitila ɗaya, ga kukan kura ga mujiya, ga kwalba a gefe. Me zai hana shi ganin abin da babu?

Dakta Lawal:
Baba, ka faɗi labarin Kipling guda ba tare da ka karanta ba. Yana da wani a cikin tarin nan na 1888, mai ba da labarin ya kwana a tsohon dak bangalo, ya kwana yana jin ana buga wasan ƙwallon tebur a ɗakin da ke kusa, alhali ba tebur ba kowa. Da safe ya tambayi tsohon kukun gidan, tsoho ya ce ƙwarai, da can ɗakin wasa ne, wani injiniya ya faɗi ya mutu a kan teburin. Daga baya ya gano ɓera ne ke gudu a cikin ƙyallen rufi, da tagar da iska ke kaɗawa. Tsohon ya ga Bature na son fatalwa, sai ya ba shi fatalwa.

Baba Alhaji Mai Ritaya:
Haka iyayenmu suka yi da su. Abin da Bature ke son ji shi ake gaya masa, a rabu lafiya.

Maman Ikram:
Ni fa akwai wanda ƙanena ya taɓa karanta mana, mun yi ta gardama a gida. Na Kipling ne shi ma, The Return of Imray, 1891. Bature ya ɓace, ba a san inda ya shiga ba. Wani ɗan sanda ya kama hayar gidan, karyarsa ta ƙi kwana a ciki. Rannan suna neman maciji a rufi sai gawar mutumin ta faɗo. Baransa Bahadur Khan ya amsa shi ya yanka shi. Dalili? Ubangidan ya ga ɗansa mai shekara huɗu, ya ce kai yaron nan kyakkyawa ne, ya shafa kansa. Ba a jima ba zazzaɓi ya kashe yaron.

Su Turawan cikin labarin abin ya ɗaure musu kai. Ni kuwa da na ji, na gane abin da uban ke nufi nan take. Ban ce kisa daidai ne ba, haramun ne. Amma wace uwa ce a cikinmu za a yaba ɗanta ba tubarkalla ba masha Allah, ta ji daɗi? Kambun baka ne yake nufi. Shekara huɗu yana yi wa mutumin aiki, amma ubangidan bai san wannan ɗan abu ba. Wa ya kamata ya ji kunya?

Habu Tudun Wada:
Hajiya, to amma dubi yadda aka juya shi. Darasin da Turawan suka ɗauka a ƙarshe shi ne, mutum ya mutu don bai san halin mutanen gabas ba. Ba a ce ka san su don ka girmama su ba, ka san su don kada su yanka ka. Kuma fatalwar wa ke yawo a gidan tana neman a bi mata haƙƙi? Ta Imray. Yaron ɗan shekara huɗu bai dawo ba.

Maman Ikram:
Wannan kam gaskiya ne. Ban taɓa lura ba.

Ustaz Nura:
Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu, kuma ina so a tsayar da abu guda kafin yara masu karatu a zauren nan su ruɗe. Mamaci ba ya dawowa. Suratul Mu'minun, aya ta 99 da 100, mutum na roƙon a mai da shi duniya, aka ce a'a, akwai barzahu a bayansu har ranar tashi. Abin da mutanenmu ke kira fatalwa, in ma an ga wani abu, malamai sun ce aljani ne ke shiga siffa, ko kuwa tsoro ne da duhu. Don haka tambayar wa ke da izinin dawowa, amsarta babu kowa.

Habu Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri Ustaz, ba mu da ja a kan aƙida. Maganar takarda muke yi. A cikin ƙagaggen labari marubuci ne ke buɗe kabari, shi ke zaɓen wanda zai fito da abin da zai ce. Zaɓin nasa muke tuhuma.

Ustaz Nura:
In haka ne na fahimta. Sai dai in ƙara da cewa su da suka zo suna kiran mutane masu camfi, a gidansu fa? A 1882 aka kafa ƙungiya a Landan ta manyan masu ilimi don binciken fatalwa da kiran ruhohi. A Simlar nan da kuke magana, a 1880, wata mata 'yar Rasha, Blavatsky, ta sauka a gidan wani editan jarida, manyan ma'aikata na taruwa suna kallon abin da take cewa mu'ujiza ce. Shi kansa Conan Doyle, mai labaran ɗan binciken nan Sherlock Holmes da ba ya yarda da komai sai hujja, ƙarshen rayuwarsa wa'azin magana da matattu ya yi ta yi. In namu ya yi, camfi. In nasu ya yi, bincike.

Sadiya Gusau:
Tambaya daga ɗaliba don Allah. Su mutanen Indiya ba su rubuta nasu ba ne a lokacin?

Dakta Lawal:
Sun rubuta Sadiya, da yawa, musamman da harshen Bengali. Nemi na Rabindranath Tagore na 1895, wanda sunansa ke nufin duwatsu masu yunwa. Shi ne ya ci kyautar Nobel a 1913. Wani mai karɓar harajin auduga a ƙasar Nizam, sarkin Haidarabad, ya tare a wani tsohon gidan sarauta da ba kowa. Da rana yana sanye da 'yar kwat da hular Turawa yana cika takardu. Da dare gidan ya ja shi zuwa zamanin sarakunan da, ya sa kayan fada, yana jin ƙarar mundaye da kukan wata baiwa da aka sayo daga nesa tana roƙon a fitar da ita. Wani mahaukaci kuma na zagaya gidan da asuba yana ihu cewa a ja da baya, duk ƙarya ne. A tasha ake ba da labarin ana jiran jirgi, bai ma ƙare ba jirgi ya iso, mai ba da shi ya tafi.

Bambancin a nan: Baturen Kipling tsoron ƙasar yake don ba tasa ba ce. Mutumin Tagore ƙasar tasa ce, tarihin nasa ne, amma ya zama baƙo a ciki, ya rasa wanne ne mafarki, hular ko rawanin. Kuma Habu, ka lura, a nan baiwa ce ke magana.

Habu Tudun Wada:
Ai ka ƙarfafa ni ne Dakta. Sai da ɗan ƙasa ya riƙe alƙalami sannan baiwa ta samu baki.

Isufu na Dogon Dutsi:
Gaisuwa ga jama'a daga Nijar. Ku duka kuna kallon takarda, ni kuma zan ce a wajenmu amsar ba a takarda aka ba da ita ba. Wajen 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka fara hawa kan mutane. Zabarmawa na ce musu Hauka, mu Hausawa muna ce musu Babule. Iskokin nan ba na daji ba ne, ba na ruwa ba. Gwamna ne, kumandan ne, soji ne. Wanda suka hau sai ya riƙa tafiya irin ta soja, yana sara wa mutane, yana ba da oda da gurɓataccen Faransanci, yana wasa da wuta. Kumandan ɗin Faransa ya kama su ya ɗaure, abin bai mutu ba, sai ma ya bi 'yan ci-rani har Akara ta Gana. Can Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, ya ɗauki fim ɗinsa da ya fito a 1955, inda za ka ga gwamna da matar likita da direban jirgin ƙasa duk sun zama iskoki.

Ba ina tallar bori ba ne, Ustaz ya yi haƙuri. Nufina, Bature ya rubuta cewa ƙasarmu cike take da dodanni. Talakan Filinge kuma ya duba ya ce ga dodon nan da hula da bulala.

Ustaz Nura:
A matsayin tarihi ba laifi a faɗa, Malam Isufu. A matsayin aiki kuwa mun san hukuncinsa.

Sadiya Gusau:
To a Arewacin Najeriya fa? Turawan da suka zauna nan sun yi irin na Kipling?

Dakta Lawal:
Abin da suka fi shahara da shi a nan tarawa ne. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, kuma malamai ne suka rubuta masa da ajami. Tremearne ya fitar da littafi kan camfe-camfe da al'adun Hausawa a 1913, sannan wani kan bori a 1914, wanda yawancin bayanansa daga Hausawan Tunis da Tarabulus ya samo. Joyce Cary, da ya yi aikin mulki a Borgu, ya rubuta ƙagaggen labari kan mayya a 1936. Wato dodo da aljani da maye namu sun shiga takardarsu a matsayin abin nazari, a san kan mutanen da ake mulka.

Da aka ba namu dama a gasar rubuta littattafan Hausa da Rupert East ya shirya a 1933, aljanu sun shigo, duba Ruwan Bagaja da Ganɗoki, amma ba su zo da wannan baƙin duhu na gotik ba. Jarumin na shiga duniyarsu ya yi hulɗa da su ya fito. A ƙasar Yarbawa ma Fagunwa a 1938 da Tutuola a 1952 haka suka yi, daji cike da halittu, amma dajin gida ne. Wanda ya san sunan abin da ke cikin duhu ba ya jin irin tsoron baƙo.

Zainab A.:
Dakta ka bar guda, kuma shi ne ya fi ƙarfafa maganarka, don haka adalci ya sa in kawo shi. The Mark of the Beast, 1890. Bature ya bugu daren sabuwar shekara, ya shiga wurin bautar Hanuman ya kashe tabarsa a goshin gunkin. Wani kuturu ya fito ya taɓa shi a ƙirji, mutum ya fara cin ɗanyen nama yana kuka kamar kyarkeci. Abokansa biyu suka kama kuturun suka azabtar da shi da bakin bindiga da aka gasa a wuta har ya janye abin. Mai ba da labarin da bakinsa ya ce sun zubar da mutuncinsu na Turawa. A nan kam ban iya cewa marubucin bai san me yake yi ba.

Dakta Lawal:
Na gode 'yata. Tambayar da labarin ya bari ita ce wane ne dabbar, wanda ya yi haushi ko waɗanda suka gasa ƙarfe.

Habu Tudun Wada:
Na karɓi wannan guda. Amma ko a nan kuturun bai furta kalma ba, kukan wata dabba kawai aka ba shi. Kuma azabar ta yi aiki, abokinsu ya warke, ba wanda aka kai kotu. Kunya ta kwana ɗaya ce.

Bari in kawo na ƙarshe da nake da shi, don shi ne wanda ɗan ƙasa ya dawo da kansa neman haƙƙinsa. The Brown Hand na Conan Doyle, 1899. Wani babban likitan fiɗa ya yi ritaya daga Indiya ya koma Ingila da dukiya. A Peshawar ya taɓa yanke wa wani mutumin tsaunukan Afganistan hannu saboda ciwo, ya ce a bar masa hannun a madadin kuɗin aiki, ya sa a kwalba cikin tarin kayan nazarinsa. Mutumin ya yarda da sharaɗin zai karɓi abinsa in ya mutu. Gobara ta ci gidan likitan a Bombay, hannun ya ƙone. Shekara huɗu mamacin na zuwa kowane dare, yana bin kwalabe ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, bai samu ba, ya ɗaga dungulmin hannunsa ya ɓace. Likita ya rame ya lalace.

Ku ji maganin da aka yi. Wani ɗan'uwan likitan ya je asibitin ma'aikatan jiragen ruwa a gabashin Landan, inda aka yanke wa wani lebura ɗan gabas hannaye biyu bayan inji ya markaɗe su. Ya karɓo guda ya sa a kwalba. Fatalwa ta zo ta duba ta yi jifa da shi cikin fushi, don na hagu ne, nata na dama ne. Ya koma ya karɓo na daman. Ta karɓa, ta yi wa likita gaisuwar girma, ba ta sake dawowa ba. Tsoho ya samu barci, ɗan'uwan ya gaji dukiya.

Dakta, wannan shi ne tubar? An ci amana, an biya da kayan wani, an ce ai hannu baƙi duk ɗaya ne.

Ustaz Nura:
Kuma an jingina wa Musulmi abin da ba nasa ba. Gaɓar da aka yanke binne ta ake yi don girmama ɗan Adam, amma ba wanda ya ce in ta ɓace mutum zai tashi da nakasa. Farkon Suratul Ƙiyama ya ce Allah mai iko ne ya daidaita har kan yatsu.

Dakta Lawal:
Habu, ba zan kira shi tuba ba. Amma ka ba ni wannan: a 1899 wani marubuci ya sa a gaban masu karatun Landan cewa a cikin kwalaben gidajensu akwai sassan jikin mutane, kuma masu su na nan tafe. Yau gidajen tarihi na Turai na mayar da ƙoƙon kawunan da aka kwasa. Jamus ta mayar wa Namibiya wasu a 2011, Faransa ta mayar wa Aljeriya 24 a 2020. Ya hango bashin, sai dai ya nemi hanyar kauce wa biya.

Habu Tudun Wada:
A kan hango bashi mun daidaita. A kan sauran, ina nan inda nake.

Maman Ikram:
Ku tsaya, ni wani abu ne ya dame ni. Shi leburan da ke kwance a asibiti, wanda aka kwashe hannayensa biyu, an tambaye shi? Ya rayu ne ko ya mutu? Wa ya kai shi gida?

Dakta Lawal:
Hajiya, ba a tambaye shi ba. Ko sunansa ba a faɗa ba, kuma labarin bai sake waiwayarsa ba.